A Wanke Hotunan

Ranar sadakar uku ta Kaka, mahaifin babana, ni aka sa kai ruwan sha bakin zaure, shi ya sa na ji abin da maza ke faɗa a kansa.

Tsofaffin ɗalibansa na kolej sun zo da yawa, wasu har da furfura. Ɗaya ya ce Mushe, wato Malam, yadda suke kiransa da Faransanci, yana da zafi amma bai taɓa ɗaga hannu a kan yaro ba. Maƙwabcinmu ya ce shekara da shekaru suna katanga ɗaya, bai taɓa jin muryarsa ta haura ba, wanda kuma ba gaskiya ba ne, don ni na sha jin ta. Wani ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sai dai leƙen saman nan nashi," aka ɗan yi murmushi. A can gefe akwai wani tsoho mai baƙin rawani da ya zo daga wajen Korahane, abokin Kaka ne, yana ta juya carbi.

Sai Baffa, yayan babana, ya gyara murya.

"Alhamdu lillahi, tsoho ya cika da kyau," in ji shi. "A gidan likita, ni da ƙanena muna tsaye, ya kama hannuna ya ce, 'Hotunan nan, a wanke su.' Har ya maimaita. Kun ga ai ya gane abin ba hanya ba ne. Ban tsaya ba, jiya na kai ordinater ɗin, kwamfutar da hotunan ke ciki, wajen mai gyara, an wanke ta tas."

Aka ce masha Allah. Wani ya ce Allah ya karɓi tubarsa, aka shafa.

Ina durƙushe da kwanon ruwa a hannu. Ban san ya karkace ba sai da na ji sanyi a ƙafata.

Wannan maganar ce yanzu ke yawo a Dakoro, cewa Kaka ya yi nadamar aikinsa kafin ya rasu. Ni ba mai magana ba ce. A lakwal, cikin aji, ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma rubutu ina iyawa, kuma ina son a san abin da ya ce da abin da yake nufi.

Kaka malamin kimiyya ne har ya huta da aiki. Wani ɗalibinsa da ke zaune a ƙasar waje ne ya aiko masa da madubin hangen taurari wanda aka taɓa amfani da shi, da kyamarar da ake ɗaura masa a gindi, da tsohuwar ordinater. Iya, kakata mace, ta dubi madubin ranar da aka buɗe kwalinsa ta ce, "To, an kawo muna turmin da ba ya daka." Sunan ya bi shi. Kaka da kansa turmi yake ce masa.

Ya sa aka yi masa dakalin siminti a bayan gida, kusa da garken awaki. Da la'asar sakaliya muke fito da turmin, ni na riƙe wayoyi, shi ya daidaita ƙafafun. Bayan isha ya saita shi ya bar shi yana bin sama da kansa, ya je ya kwanta. Mutane sun ɗauka kwana yake yi yana leƙe. Ba ya leƙe ko kaɗan, kyamara ce ke gani. Wata rana akuyar Iya ta tsinke ta goga jikinta da ƙafar turmin, aikin daren ya lalace gaba ɗaya. Da safe ya tsaya gaban akuyar yana yi mata faɗa da Faransanci, Iya na daga madafa tana cewa, "Yi mata da Hausa, ba ta yi lakwal ba."

Ba taurari yake ɗauka ba. Abin da yake nema shi ne hayaƙin da ke tsakaninsu, wanda ido ba ya gani, inda ya ce sababbin taurari ke fitowa. Yana da gilasai uku ƙanana, zagayayyu, kowanne bai fi bakin kofin shayi ba, a cikin wani gwangwanin alewa da ya shimfiɗa wa auduga. Kowanne yana tare duk wani haske, ya bar iri ɗaya tak ya wuce: ɗaya hasken idrojen, ɗaya na oksijen, ɗaya na farar wuta. Shi ya sa ko da farin wata ko fitilar maƙwabta, aikinsa ba ya tsayawa sosai. Ranar da na taɓa fuskar ɗaya da yatsa, ya yini bai yi mini magana ba. Da yamma ya kira ni ya nuna mini yadda ake riƙe shi ta gefe, kamar yadda ake ɗaukar masa mai zafi.

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Bai taɓa cewa in buɗe baki in yi magana ba, kamar yadda kowa ke ce mini. In ya tambaye ni abu, na nuna da yatsa, ya ishe shi.

Aikin gaske da rana ake yin sa, bayan azahar, a ɗakinsa, an saki labule. Ranar farko da ya buɗe mini abin da kyamara ta kwana tana ɗauka, na ɗauka ta lalace. Baƙi ne kawai, da ƴan ɗigo-ɗigo farare. Ya buɗe na gaba, baƙi. Na gaba ma haka.

"Mi kika gani, Uwata?"

Na girgiza kai.

"Haka hoto yake kafin a wanke shi. Da can in an ɗauke ka a situdiyo, ba a ba ka nan take. Sai mai hoto ya shiga ɗakin duhu ya wanke, sannan fuskarka ta fito. Na sama ma sai an wanke."

Wankin nasa yana da matakai. Ya tara hotuna masu yawa na wuri ɗaya ya ɗora su kan juna, don hasken da ke cikin kowanne kaɗan ne ƙwarai. Akwai ma waɗanda yake ɗauka da murfi a rufe da gangan, don ya san dattin da kyamarar kanta ke sawa ya cire shi. Sannan ya kama wani layi a fuskar ordinater ya ja shi a hankali. Ina kallo baƙin nan ya fara buɗewa, wani abu kamar auduga da aka shaƙe ya fito daga ciki, da lunguna da ginshiƙai. Tun ranar duk gidanmu, in Kaka ya ce zai yi wanki, an san ba tufafi yake nufi ba. Iya kan ce, "Mai wanki, ga abincinka ya huce."

Kowane gilashi fari da baƙi yake bayarwa. Launi shi ke sawa. Na farar wuta ya ba shi ja, na idrojen kore, na oksijen shuɗi, ya haɗa su uku. A nan wahalar take, don idrojen ya fi sauran yawa, sai kore ya cinye komai. Hotonsa na farko da ya kai situdiyo aka fitar masa a takarda, ya kawo wa Iya yana jin daɗi. Ta riƙe shi nesa da fuskarta ta ce, "Wa ya zubar da miyar kuka a kan baƙin zane?"

Ya ji haushi har ya ƙi cin tuwon dare. Washegari ya ɗauko kujera ya ajiye mata kusa da tasa.

Daga nan mu uku muke zama. Idon Kaka ya fara yana, ya ce shuɗi yana guje masa, komai ya koma masa ruwan ƙasa-ƙasa. Shi ke riƙe da na'ura, mu ne idanunsa. Iya ba ta san idrojen ba, ba ta kuma nemi sani ba. Cewa take, "Rage wanga koren. Ƙara rage shi. Kai shi wajen lalle, lallen da ya kwana, ba na yanzu ba." Ya juya koren ya koma ruwan zuma, ya koma ja-ja. Ta ce, "Shuɗin kuma ya yi ihu. Ka mai da shi kamar zanen baba da aka wanke sau da yawa." Ni aikina taurari. In aka matsa launi da yawa, sukan yi wani zobe ruwan hoda a gefensu, shi ba ya gani. Sai in sa yatsa a wurin. Ya ce, "Uwata ta kama ɓarawo," ya koma baya ya gyara.

Wata rana muka yini a kan kusurwa ɗaya ta hoto. Da magariba ta yi ya ce duk bai yi ba, ya mayar da shi yadda yake da safe. Iya ta tashi ta kaɗe zaninta ta ce ita ta yi murabus. Kashegari ta riga shi zama.

Ba zan ce ba shi da laifi ba. Yana da taurin kai. Ya taɓa ƙin kwana a Sabon Maci wajen bikin ɗiyar Gwaggo, ƙanwar babana, don ya ga sama ta washe, ya hau mota ya dawo. Gwaggo ta daɗe ba ta manta ba. Amma shi ne kuma da fitilar maƙwabcinmu ta dame shi, bai je ya ce a kashe ba, don ya san matar gidan tana tsoron kunama a tsakar gida. Ya yanke gwangwanin tumatir ya yi wa fitilar hula, hasken ya koma ƙasa inda ake bukatarsa. Ranar kasuwa kuwa, in tsohon nan na Korahane ya sauka gidanmu, Kaka ne ke zama kamar ɗalibi. Shi ya koya masa sunan taurarin nan masu ɗamara da ke tsayuwa tsakiyar sama lokacin sanyi, Amanar, da yadda ake bin su a daji. Kaka ya nuna masa hoton hayaƙin da ke jikin Amanar ɗin. Tsohon ya daɗe yana kallo ya ce, "Shekaruna duka ina bin mutumen nan, ban san da wuta a jikinshi ba."

Da Baffa kuwa ba su taɓa daidaitawa a kan wannan ba. Baffa ɗan kasuwa ne, yana sayar da wake da gero, mutum ne mai son a ce gidansu gidan mutunci ne. Yana jin ciwon yadda ake ce masa ɗan mai leƙen sama. Rigimarsu mafi girma a gabana aka yi ta, ranar da ya shigo ya same mu muna sa launi.

"Baba, wanga launi haka yake a sama?"

"A'a."

"To kai ka sa shi ke nan."

"Ni na sa."

"Ashe ƙarya ce. Allah ya yi abinshi, kai ka zauna kana yi mashi rini, kana nuna wa mutane."

Kaka ya cire tabarau. In ya cire tabarau, an taɓo shi.

"Lokacin da matarka ta haifi tagwaye, mi Iyarka ta ɗaura wa Hasan a hannu?"

"Zare."

"Da zaren aka haife shi?"

Kaka ya ci gaba.

"Idrojen ja ne, farar wuta ma ja ce. In na bar su yadda suke, ba ka rabe su. Na ɗaura wa ɗaya zare don a san wane ne wane. Ban ƙara ko ɗigo ba, ban rage ba. In ka ga shuɗi a nan, akwai oksijen a nan. Ina ƙaryar?"

"Ni dai na san mutum mai shekarunka, carbi ya kamata a gani a hannunshi."

"Carbina yana aljihu, kuma ba ka taɓa riga ni sahu ba. Tashi ka ba ni wuri, kana tare wa Uwata haske."

Baffa ya fita. Tun ranar bai sake shiga ɗakin ba sai bayan rasuwar.

Aikin Kaka na ƙarshe wani hayaƙi ne kusa da Amanar, mai siffar fure, da rami a tsakiya cike da taurari. Da ya nuna wa Iya gwajin farko, fari da baƙi, ta ce wannan kam ta yarda, a yi mata shi babba ta rataya a ɗakinta, ta gaji da ganin miyar kukar nan a bango. Ya ce nata ne. Sanyi biyu ya yi yana tara haskensa, don na oksijen da na farar wuta ba su da ƙarfi, sai an yi ta ɗauka. Iya ta riga ta zaɓi launi: bakin furen lalle, cikinsa baba. Takan tambaye shi, "Ina furena?" ya ce, "Yana jiƙa." Ya hana kansa haɗa shi kafin ya cika. A ƙarshen sanyin bana ya ce mini ya isa, in na gama jarrabawar tsakiyar shekara za mu zauna mu wanke, kuma wannan karon ni zan riƙe na'urar, don na iya duk matakan.

Ana saura kwana kaɗan ya faɗi a bakin dakalin da safe. Ɓarin jikinsa ya mutu, harshensa ya yi nauyi. A likita maza ne ke kwana da shi. Ni sau ɗaya aka kai ni, yana barci. Ban ji maganarsa ta ƙarshe ba sai a bakin Baffa, a zaure, da kwano a hannuna.

Na ajiye kwanon na shiga wajen Iya, inda take zaune a ɗaki cikin takaba, na faɗa mata. Ta aika a kira Baffa da babana. Da suka zo ta ce, "Faɗa masu abin da kika faɗa mini."

Ban taɓa yi wa Baffa magana mai tsawo ba. Na dubi tabarma na ce Kaka ba gogewa yake nufi ba, fitarwa yake nufi, furen Iya ne yake so a gama.

"Ni da ke wa ya fi jin Hausa?" in ji Baffa. "Kuma ai na duba kafin in kai. Na sa mai gyaran ya buɗe mini. Babu komi ciki, baƙi ne kawai, ɗaruruwa. Idon tsoho ya tahi, yana ɗauka da murfi a rufe bai sani ba. Na rufa mashi asiri ne."

"Baƙin shi ne hoton," na ce.

"Kun ji ko? Baƙin shi ne hoton." Ya juya wajen babana. "Ɗiyar nan taka ya cika mata kai."

Babana yana can tsaye lokacin da Kaka ya yi maganar. Yana gidan nan duk shekarun da ake ce wa Kaka mai wanki. Na jira ya ce wani abu. Ya ce, "Yaya, da dai an ɗan jira." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Allo ana wanke shi, hoto ma ana wanke shi. Ka ɗauki wanda ya yi maka daɗi."

Babana ya je wajen mai gyaran da yamma. Ya ce an riga an zuba sababbin abubuwa a kai, babu abin da zai dawo. Ordinater ɗin tana hannun Hasan yanzu, zai tafi da ita Maradi karatu. Turmin an naɗe shi cikin bargo an sa a lissafin gado, ba wanda ya san abin da za a yi da shi. Gwangwanin alewar ne kawai ba su samu ba, don Iya ta sa shi ƙarƙashin matashinta, kuma ba mai iya ɗaga matar da ke takaba. Ɗalibin nan na ƙasar waje ya turo mana ƴan hotunan da Kaka ya taɓa aika masa, ƙanana, a wayar salula. Furen ba ya ciki. Ba a taɓa haɗa shi ba, ba wanda ya taɓa ganinsa da launi, har Kaka da kansa. Abin da ke rataye a bango shi ne koren nan na farko da ya fi tsana. Masu zuwa gaisuwa sukan dube shi su ce, "Ashe irin wannan ne yake yi," su kau da kai.

Tsohon Korahane, da zai tafi, ya tsaya a bakin dakalin. Ya tambaye ni ko gaskiya ne Mushe ya ce a shafe aikinsa. Na ce a'a. Ya ce, "Na sani," ya gyara rawaninsa ya fita. Mutum ɗaya ke nan a cikin duk waɗanda suka cika zauren.

Ana gobe sadakar arba'in gida ya sake cika. Gwaggo ta ce tana son hoton mahaifinta ta tafi da shi Sabon Maci, sauran dangi ma suka ce suna so. Akwai wani mai kyau a salular Baffa, na ranar Salla, Kaka da farar hula yana hararar mai ɗauka. Ina shara a tsakar gida Baffa ya kira ni, ya miƙo mini salular a gaban Iya da Gwaggo da babana.

"Ungo, ki kai situdiyo a wanke muna hoton tsoho. Ki ce su yi shi da kyau."

Na karɓa da hannu biyu, yadda aka koya mini.

"Wane irin wanki, Baffa?"

Gwaggo ta dube ni, ta dube shi. Babana ya sunkuyar da kai. Iya ta ce wa Baffa, "Ba ta amsa mana. Ta tambaye ka."

Bai ba ni amsar ba. Na sa hijabi na tafi, aka fitar da hoton, ya yi kyau.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa zafin ransa da taurin kansa, ya haskaka masa kabarinsa. Wannan aikin dai bai tuba daga gare shi ba, cewa ya yi a gama.